Gargaɗin da Na Rubuta a Kan Ƙugiyar Mu'awiya

Masu bibiyata, sallama gare ku. Yau ku yi mini uzuri, ba ni da doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma in ban zauna na rubuta ba zan iya fasa wani abu a ɗakin nan. Wanda bai san ni ba, sunana Nazifa, a Kaura Namoda nake, na gama karatun kwamfuta ina zaune a gida. Wanda zan aura, in auren yana nan, sunansa Mu'awiya. Ɗan Shinkafi ne, amma a nan Kaura yake da shagon gyaran kwamfuta, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shi ne ya ɓata mini rai, shi da wata igiya da ko taɓa ta da hannu ba a iya yi.

Bari in yi muku bayani, don na san wasunku har sun fara cewa wace igiya kuma. Akwai wani wasan kwamfuta da ake gina kumbo a sararin samaniya. Kai za ka haɗa shi ƙarfe bayan ƙarfe, ka sa masa inji, ka sa tankin mai, ka yi ɗakuna, har tasha guda kana iya ginawa. Wasu sai su share watanni a kan gini ɗaya. Masu wasan sun ba kowa dama ya ƙirƙiri wani ƙari ya liƙa wa wasan, shi ake ce wa mod. To Mu'awiya ya yi nasa: igiya mai ƙugiya a baki. Ka harba ta ta kama dutse ko wani kumbon, ka naɗe ta ka jawo abin, kamar dai yadda muke ciro guga in ya faɗa rijiya.

Haɗawar ya iya, ban hana shi ba. Amma bayani? Ka tambaye shi yadda ake ɗaura ƙugiyar, sai ya dube ka ya ce ai a bayyane yake. Mutane suka riƙa sauke abin suna kasa amfani da shi suna zaginsa da harsunan da bai taɓa ji ba. Ni na ce ya ba ni shafin bayanin in rubuta. Daga nan zancenmu ya koma wani abu daban. 'Yan matan unguwarmu samarinsu na zuwa da tsire da kalamai masu daɗi, ni nawa da kwamfuta yake zuwa a jaka. Mu shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, shi yana harba igiya, ni ina rubuta wane maɓalli ya danna, tsawon nawa take kaiwa, wane irin dutse take kamawa, wane take zamewa. In caji ya ƙare zance ya ƙare.

Kuma wallahi ina jin daɗin abin. Na ɗauki hotuna na jera su, na rubuta da Turanci, na sake rubutawa da Hausa saboda wasu yara na Gusau da Maraɗi da suke wasan. Zagi ya ragu, godiya ta fara shigowa. A ƙasan shafin an rubuta cewa Mu'awiya ne ya haɗa, Nazifa ce ta rubuta bayani. Duk wanda ya rikice, ni yake tambaya.

Wajen gwaje-gwajen nan na gano matsalar. Idan ka kama abin da ya fi kumbonka nauyi, kuma ka naɗe igiyar alhali injinka yana kunne, igiyar ba ta tsinkewa. Kumbon ne yake fara juyawa, ya yi ta juyawa har ya je ya daki abin ya tarwatse, wasan kuma ya adana shi a haka, babu komawa baya. Na nuna wa Mu'awiya. Ya dafe kai ya ce gyaran zai ɗauki lokaci. Sai na rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a saman shafin: "Kada ka naɗe igiya injinka yana kunne idan abin da ka kama ya fi kumbonka nauyi. Kumbon zai tarwatse. Wannan kuskure ne a cikin aikin, kuma ba a gyara shi ba tukuna."

Ku riƙe wannan da kyau: ya karanta a gabana, ya ce, "Daidai na, haka aka yi ko'ina." Da bakinsa ya faɗa.

A tsakanin nan Baba ya kira shi ya ce zaman zaure ya isa haka, in da gaske yake ya turo magabatansa. Mu'awiya bai yi gardama ba, aka tsayar da wata Asabar. Murna ta ɗebe shi, ya ga ya kamata danginsa su san irin matar da ya samo, sai ya tura shafin nan a guruf ɗin gidansu. Da ya tambaye ni da na hana.

Yayarsa Saliha ce ta buɗe. Ba ta ga hotunan da na jera ba, ba ta ga godiyar mutane ba. Gargaɗin kawai ta ɗauki hotonsa, ta zagaye "kuskure ne a cikin aikin" da jan layi, ta kai wa mahaifiyarsu Hajiya Kulsumu. Da hantsi ina tankaɗen garin dawa saƙon murya ya shigo mini daga lambar Saliha.

"Nazifa, sannu da ƙoƙari. Mun ga abin da kinka rubuta. Ke da ba ki ko shigo gidan ba, har kin hwara tallar kasawar ƙanena ga duniya? Mutum ya yi wahala ya yi abu, ke ki hau sama ki ce aikinai da kuskure? Hajiya ta ce a dakata da maganar Asabar sai ta ga abin ga ya sauka."

Na saurara har sau biyu, rariya a hannuna. Na rubuta mata amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Yaya zan yi wa Saliha bayanin kumbo, matar da ko wasan maciji na tsohuwar waya ba ta taɓa yi ba? A ƙarshe "Ina kwana Yaya, na ji saƙo" kawai na tura, na ci gaba da tankaɗe ina huci.

Da la'asar Mu'awiya ya zo. Tun daga ganinsa babu jaka na san da magana. Yana sanye da shadda ruwan toka wadda bai cika sawa ba, ya zauna a bakin tabarma yana murza hula.

"Kin ji abin da ya hwaru," ya ce.

"Na ji. Ka yi musu bayani?"

"Na yi. Hajiya ba ta gane ba. Ita dai abin da ta sani, ɗiyar da zan aura ta rubuta aikina da kuskure, kowa na karantawa."

"To da kuskuren ko babu?"

"Akwai, Nazifa, wa ya ce babu? Amma ki cire shi zuwa Asabar. In sun zo sun koma, ki mayar."

"Waɗanda za su sauke shi kahin Asabar hwa?"

"Wasa na hwa. Ba mutum za ya mutu ba."

Wannan kalmar ta ƙona mini rai. Shi da ya hana kansa barci a kan igiyar nan, yau shi ne mai cewa wasa ne. Na ce masa, "Da kana harba ƙugiya ina rubutawa har wuyana ya ƙage, ba ka ce wasa na ba. Mutanen ga sun yarda da ni. In nac ce su danna, dannawa sukai. Ba ni cire shi."

"Ko da an hwasa zuwa?"

"Ka koma ka ƙara yi mata bayani. Uwarka ta, ta hi jin maganarka."

Ya sa hularsa. Ya tashi ya ce sai an jima, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Na bi bayansa da kallo har ya fice daga zauren.

Washegari Gwaggo Asibi ta iso daga Dauran. Yayar Baba ce, kuma ita ce mai magana a kan aurena, don ni 'yar fari ce, Inna ko sunana ba ta faɗa, balle ta sa baki. Gwaggo ta shigo da buhun gero da ƙullin hoce, wainar dawar nan da ake gasawa, ta tarar da ni fuska a murtuke, kafin ta kwance gyale ta tatsi labarin duka. Na ɗauka za ta goya mini baya. Ina.

"Ke ɗiyar ga, mi ya kai ki? Mace ita ka ruhwa ma mijinta asiri. Ko tuwo yat tuƙa ya yi gudaji, cewa kikai ya yi daɗi."

"Gwaggo, in maƙwabciya ta zo aron igiyar rijiya, kin san ta ci ta wuri guda, ba ki hwaɗa mata?"

"Ina hwaɗa mata mana. A kunne nika hwaɗa mata. Ba ni hawa katanga in yi shela."

"Su waɗanga ba su da kunnen da zan raɗa musu, Gwaggo. Sun hi mutanen Dauran yawa, kuma kowa da ƙasarsu."

Ta taɓe baki ta ce ita dai ba ta ga abin da zai sa a ɓata aure a kan jirgin da ba ya ɗaukar kowa ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Abin da ya fi ci mini rai, duk cikinsu babu mugu. Hajiya ɗanta take karewa, Gwaggo ni take karewa, kuma babu wadda za ta gane cewa rubuta kuskuren nan shi ne mutuncin aikin. A wajen masu wasan, wanda ya faɗi aibin abinsa shi ake yarda da shi. A wajen su Hajiya, tonon silili ne.

Mu'awiya ya ɗauke mini wuta. Ba kira, ba saƙo. Ni ma na ƙi kira, ina ta duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ga sabis ɗin garin nan da ya zaɓi makon ya lalace, sai ka hau kan bulo kusa da tankin ruwa kafin saƙo ya fita, shafin intanet kuwa ko buɗewa ba ya yi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci saƙonsa ya shigo: "An daidaita. Suna nan tahe gobe da sahe in sha Allah."

Jama'a, na yi murna. Ba zan ɓoye muku ba, har rawa na taka a tsakar ɗaki. Na ce ashe ya tsaya mini, ashe ya zaunar da Hajiya ya fahimtar da ita. Na tura masa, "Na gode da ka tsaya a kan gaskiya." Ya karanta, bai amsa ba. Na ce kunya ce.

Asabar tun da sassafe gida ya kacame. An yanka kaji, Inna na suyar masa, Gwaggo na ba da umarni kamar ita ta gina gidan. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yi ɗaurin da na kwana biyu ina koyo, lallen da aka zana mini ya kama ja sosai. Turaren wuta har ya sa ni tari. Baƙin suka iso da hantsi, kawunnansa da wani aminin mahaifinsa, don hanyar Shinkafi ba a wasa da ita, dole su juya tun rana na sama. Ina jin muryoyinsu daga zaure suna gaisawa da su Baba, an shigo da goro da alawa an ajiye a tsakar gida.

Ina zaune a bakin gado wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Na ɗauka da sallama.

"Nazifa ce? Hajiya ta, uwar Mu'awiya."

Na zame daga gadon na durƙusa a ƙasa, kamar tana ganina. "Ina kwana Hajiya. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Na kira in ce miki na yahe miki. Mu'awiya ya hwaɗa min kin gane kuskurenki, kin goge abin da hannunki, har kuka kinka yi kina ba da haƙuri. Saliha ta duba ta ga babu shi. Haka aka son ɗiya, in an nuna mata ta ji. Allah shi yi miki albarka."

Me zan ce? In ce wa uwar miji ɗanta ya yi mata ƙarya, baƙinta na zaune a zaurenmu? Bakina da kansa ya ce, "Amin Hajiya, na gode." Ta kashe.

Na ɗauki kwamfutata na fita ta bayan ɗaki, da kwalliyata da komai na hau bulon nan na tankin ruwa. Sabis ya yi ta jan rai, shafin ya buɗe da ƙyar. Gargaɗin babu shi, na Turancin da na Hausan duka. Shi ma yana da mabuɗin shafin, ban taɓa tunanin zai taɓa mini rubutu ba. Sunana kuwa yana nan a ƙasa, bai cire ba.

Na gangara wajen saƙonnin mutane. Wani yaro daga Maraɗi ya rubuta, "Anti Nazifa, kumbona ya fashe, mi na yi ba daidai ba?" Wani ya zage ni da Turanci, wannan bai dame ni ba. Wanda ya tsaya mini a wuya wani mutum ne daga wata ƙasa mai nisa. Ya ce shi da 'yarsa suke gina tasha tun bara, duk ƙarshen mako, ita ce ma ta zaɓi launin ɗakunan. Suka sauke igiyar don su jawo wani babban dutse. Ya ce, "Mun bi bayanin Nazifa layi bayan layi, don an ce ita ba ta ɓoye komai. Yanzu babu abin da ya rage. Ba faɗa na zo yi ba, ina so in san ko mu ne muka yi kuskure."

Idona ya cika, na ɗaga kai sama don kada kwalli ya zubo. Na buɗe waya na rubuta wa Mu'awiya.

"Kai ka goge?"

Nan take ya amsa, ashe yana riƙe da wayar. "Don Allah ki yi haƙuri. Ba ni da wata hanya. In sun tahi ki mayar."

"Ka ce ma Hajiya na yi kuka na ba da haƙuri."

"In ban ce haka ba ba ta bari su zo. Don ke nay yi, Nazifa. Ina son ki."

"Ka ga saƙon mutumin ga da ɗiyatai?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Sai ga shi: "Na gani. Zan gyara, wallahi. Ki bari yau ta wuce. Saliha na duba shafin kowane lokaci."

Na san yana sona, ban yi shakka ba. Ni ma ina son sa, shi ya sa abin yake mini ciwo haka. Amma na tsaya a kan bulon nan na yi tunani. In na bari yau ta wuce, Hajiya za ta karɓe ni a matsayin yarinyar da ta yi laifi ta tuba. In na mayar da rubutun gobe, na zama munafukar da ta jira aka karɓi goro. In ban mayar ba har abada, duk kumbon da ya tarwatse da sunana zai tarwatse. Shi ya yi ƙaryar, ni zan zauna a cikinta.

Rubutun yana ajiye a kwamfutata. Na ɗauko shi na mayar a saman shafin, Turanci da Hausa, da manyan baƙaƙe kamar da. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: "An cire wannan gargaɗi na ɗan lokaci, bai kamata ba. Wanda ya yi asara ya yafe mana." Na amsa wa mutumin nan na ce ba su ne suka yi kuskure ba. Na danna, na jira abin yana ta juyawa, har ya nuna ya hau.

Ko ɗaki ban kai ba wayar ta fara ruri. Mu'awiya. Na ƙi ɗauka. Ta katse, ta sake. Sai ga Saliha ta turo hoton shafin, babu ko kalma ɗaya a ƙarƙashinsa. Na kife wayar a kan gado na zauna, na gyara ɗaurina da ya karkace.

Gwaggo Asibi ta ɗaga labule ta shigo, fuskarta fal murmushi, goro a kumatu.

"To amarya, babanki ya aiko ni. Baƙi sun gabatar da buƙatarsu, an ce a zo a ji ta bakinki kahin a ba su amsa. Na san kunya kika ji, in kin yi shiru ma na gane. Kina son shi?"

Da na yi shiru da shi ke nan, ta fita ta rangaɗa guɗa. Na ɗago na dube ta.

"Ina son shi, Gwaggo."

"Madalla. Bari in..."

"Tsaya, ban ƙare ba. Ki ce musu rubutun da Hajiya ta ce a cire, ba ni nac cire shi ba, ban yi kuka ba, ban ba kowa haƙuri ba. Kuma yanzun ga na mayar da shi. In sun ji haka suna so, ni ina so."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta dubi wayar da ke ta ruri a kan gado, ta dube ni, ta leƙa tsakar gida inda Inna ta tsaya da faranti a hannu tana jira. Ta rage murya.

"Ke Nazifa, maza na zaune, hanya na jiran su. Wacce zan kai musu cikin maganganun ga?"

"Duka biyun, Gwaggo," na ce. "In kin rage guda, ni zan hito in cika ta da bakina."

Ta ɗaga labule. Sannan ta cire goron daga bakinta, ta gyara gyale, ta nufi zaure ba tare da guɗa ba.